Faifan Malam Isiyaku da 'Ya'yansa Uku

To, ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Wannan labarin, idan na kai shi ƙarshe ni shiru zan yi, ku ne za ku sha magana.

A ƙasar Gumel akwai wani ɗan gari da ake kira Rijiyar Ɗinya. A nan wani dattijo yake, Malam Isiyaku, tsohon malamin gona. Shekara talatin da biyar ya yi yana yawon ƙauyuka a kan babur, kuma da ya ajiye aiki sai zama ya gagare shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne irin shuka na gargajiya da yake gani yana ɓacewa: gero da maiwa da dawa da wake, waɗanda a da kowane ƙauye yake da nasa, da sunansa, da halinsa. Sai ya sayi 'yar rikoda ya koma bin tsofaffin manoma. Yakan zauna da su a inuwa su faɗa masa wane zango ne yake jure fari, wace kaura ce tsuntsu ba ya so, ya naɗi muryarsu, ya dawo gida ya rubuta da yatsa biyu a kan wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Cikin tsofaffi tamanin da 'yan kai da ya naɗa, waɗanda suka rage a raye ba su kai ashirin ba. Har matarsa Gambo tana cikin waɗanda ya naɗa, don ita ta riƙa gaya masa wane gero ne yake da daɗin daka, wane ne furarsa take kwana ba ta lalace ba. Ita ma shekara huɗu ke nan da rasuwarta.

Tun da aka saya masa kwamfutar aka raba faifan ajiyarta gida uku, shi kuma ɗakuna yake kiransu. Ɗakin farko na windo ne, wato babbar manhajar da take tayar da kwamfutar ta tafiyar da ita. Wannan ba ya shigarsa. Na biyu na muryoyi ne. Na uku na littafin ne da hotuna. 'Ya'yansa sun sha roƙonsa ya kwafe kayan nan ya ajiye a wani wuri dabam, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya: gobe.

Wata rana da hantsi yana tsakiyar rubutu aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, don haka nan take ta yi ɗif. Da aka dawo da wutar ya kunna ta, sai baƙin allo da wani ɗan rubutu fari a kusurwa. Ya kashe ya kunna har sau bakwai. Washegari ya naɗe ta a cikin rawani, ya shiga mota zuwa cikin Gumel, wurin wani mai gyara da ake kira Sabi'u.

Sabi'u mutumin kirki ne, ga saurin hannu, sai dai ba ya son aiki ya kwana a shagonsa. Ya duba ya ce windon ne ya lalace, sai an ɗora sabo. Ya soka filash, 'yar ma'ajiyar da take ɗauke da sabon windon, ya fara. Da aka zo wurin zaɓen inda za a ɗora, sai sabon windon ya ƙi. Ya fito da saƙo cewa ba zai zauna a kan wannan faifai ba, don rabon da aka yi masa tsohon yayi ne. Sabi'u ya gwada sau uku, amsa ɗaya.

"Baba," in ji shi, "wannan sai an goge ta gaba ɗaya."

Malam Isiyaku ya bar tabaransa a gida. Ya sunkuya ya ga ƙaiƙayin gero da ya maƙale tsakanin madannai, sai kunya ta kama shi.

"Goge ta mana, ɗana. Ai ta daɗe ba ta ga tsumma ba."

Daidai nan babbar 'yarsa ta shigo. Hindatu sunanta, malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata ta cikin garin, kuma da yake sunan mahaifiyarsa gare ta, Uwata yake kiranta. Ta ji yana gari, shi ne ta fito lokacin hutun tara ta kawo masa kunun tsamiya a jug. Ba ta san gyaran kwamfuta ba ko kaɗan. Amma idonta ya faɗa kan allon, ta ga layi biyu. Na sama yana cewa giga ɗari, wato awon girman wurin ajiya. Na ƙasa yana cewa giga ɗari huɗu, fili, babu kowa. Ita ce Baba yake sawa ta duba masa ko ɗakunansa sun kusa cika, don haka lambobin suna kanta: ɗakin muryoyi ɗari biyu da hamsin, ɗakin littafi ɗari da hamsin. Hannun Sabi'u yana kan hanyar linzamin kwamfutar, ta riga shi, ta zare shi daga kan tebur ta rungume a ƙirji.

"Malama, lafiya?"

"Wannan ɗari huɗun ba fili ba ne. Ɗakunan Babana ne guda biyu."

"Kwamfutar ce da kanta ta ce babu komai a wurin. Shekarata tara a wannan aikin."

"Ban san aikinka ba, Malam Sabi'u, amma na san lissafi. Ɗari biyu da hamsin da ɗari da hamsin nawa ke nan?"

Maƙwabtan shago suka fara leƙowa. Wani ya ce ta bar mai aiki ya yi aikinsa. Shi kansa Malam Isiyaku ya ce, "Haba Uwata, ki bar shi ya goge mini ita, ya ce minti ashirin ne." Sai ta durƙusa a gabansa ta yi masa bayanin irin gugar da ake nufi, a hankali, kamar yadda take yi wa ɗalibar da ta tsorata. Yana ji ya lalubi benci ya zauna. Sabi'u ya dafe kai yana salati, ya ce wallahi ba wanda ya gaya masa akwai kaya a ciki. Hindatu ta ce ta sani, ta yi masa godiya, ta mayar masa da linzaminsa. Ta rufe kwamfutar ta tafi da ita gidanta ta kulle a akwatin lefenta. Kwana uku Baba yana roƙon ta bari ya kunna sau ɗaya kawai ya gani, tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, ba na so in saɓa maka, amma mabuɗin nan ba zai fito ba sai wanda ya sani ya zo."

Wanda ya zo shi ne ƙanenta Lurwanu, mai ɗaukar hoto da bidiyon biki a Kano. Yana da babban biki ranar Asabar, ya miƙa wa abokin sana'arsa, ya kamo hanya tun ranar Juma'a. Suka ɗauko kwamfutar zuwa Rijiyar Ɗinya. Da safe ya kunna ta, bai ko kalli allon ba, sai ya kara kunnensa a jikinta. Malam Isiyaku ya ga fuskar ɗan nasa ta sauya.

"Me ka ji?"

"Zo ka ji, Baba."

Ya kara kunne, ya ji wani ɗan sauti can ciki, ƙas, ƙas, kamar gara tana cin azara. Lurwanu ya san wannan sautin, don ya taɓa cinye masa hotunan biki guda sukutum. Ya ce ba rabon faifan kaɗai ne ya rikice ba, faifan da kansa yana kan gargara. Kowace kunnawa tana rage masa kwana, kuma da an fara neman kayan a kansa, zai iya cikawa kafin a samu.

Ya zo da sabon faifai da ya saya don aikinsa, ko ledarsa bai cire ba. Ya ce tunda ɗakunan ba sa ganuwa, ba za a iya kwashe kayansu ɗaya bayan ɗaya ba. Sai dai a kwafe faifan duka, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, da abin da ake gani da wanda ba a gani. Ya aro batirin sola daga mai kemis na bakin hanya don kada wuta ta sake yi musu irin ta ranar nan. Ya tayar da kwamfutar da filash ɗinsa, ya haɗa faifan biyu, aiki ya kankama.

Bazara ce, zafi kamar a tanda. Kafin hantsi ya dubi ludayi faifan ya yi zafi ya fara tsayawa. Lurwanu ya kwance marfin ƙasan kwamfutar, ya ɗora ta a kan faranti a bakin randa, ya ɗauki mahuci. Haka ya zauna a ƙasa yana fifita, idonsa a kan lambar da take hawa da jan ƙafa. Duk inda faifan ya ƙi karantuwa, sai ya sa a tsallake, daga baya a dawo a lallaɓa shi. Wani wurin sai a zuwa na uku ya bayar. Da aka kira azahar Baba ya karɓi mahucin, Lurwanu ya yi salla a nan gefen randar, ya dawo ya karɓa. An kawo masa abinci ya huce a rufe. Hannun dama ya gaji ya koma hagu, hagu ya gaji ya dawo dama. Malam Isiyaku yana kallonsa yana tuna cewa wannan shi ne yaron da ba a taɓa iya zaunar da shi wuri ɗaya ba, wanda ya sha tsere masa daga gona.

Bayan la'asar lambar ta cika. Lurwanu ya ajiye mahuci ya kwanta rigingine a ƙasa. Da ya huta ya ce bari ya sake tayar da tsohon faifan ya gwada wani ɗan wuri da yake shakka. Faifan ya yi ƙas sau biyu ya yi shiru. Bai sake motsi ba har yau.

Ya cire shi ya sa sabon a gurbinsa. Amma da suka duba, sabon ma abin da tsohon yake faɗa shi yake faɗa: ɗari, da ɗari huɗu fili.

"Baba, kayanka suna nan ciki, na yi imani. Amma ƙofar shiga ce ban sani ba. Iyakacin sanina ke nan."

Wadda ta san ƙofar ita ce autarsu Zulaihatu, wadda ta karanci kwamfuta take aiki da ita a Fatakwal, inda take aure. Sun ɓoye mata maganar, domin kwananta biyar da haihuwar ɗanta na biyu, kuma sai da aka yi mata tiyata. Lurwanu ne bakinsa ya suɓuce da ya kira yi mata ya jiki. Ta yi fushi sosai.

"Yaya Lurwanu, muryar Inna ce fa a ciki. Ni za ku ɓoye wa?"

Ta faɗa masa abin da zai zuba a filash kafin ya koma Kano. Ranar Litinin Hindatu tana tsaron jarrabawa, Lurwanu ya tafi, sai Malam Isiyaku shi kaɗai da tabaransa. Sabis ba ya kamawa a cikin ɗaki, don haka ya shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ya jingina waya da ƙwarya yadda Zulaihatu za ta riƙa ganin allon. Ita kuma tana can a jingine da filo, jariri a cinyarta.

"Auta, ni fa yatsa biyu gare ni a wannan harka."

"Ɗaya ma ya isa, Baba. Ka san takardar da dagaci yake ajiyewa ta iyakokin gonaki? Faifai ma yana da irinta. Ita ce ta yage da aka ɗauke wuta. Gonakin suna nan da amfaninsu. Za mu bi mu nemo gambar da aka dasa a kan iyaka."

Wannan magana ta shige shi. Ta sa shi ya tayar da manhajar bincike, harafi bayan harafi, yana karanta mata tana cewa danna. Wajen awa biyu abin yana bin faifan. Sau huɗu sabis ya yanke, sau huɗu ta sake kira. Ɗinkinta yana ja, ya ga tana cije leɓe, ya ce a bari sai gobe. Ta ce, "Kai da gobenka, Baba." Ya yi dariya, karo na farko cikin mako guda.

Da binciken ya ƙare, sai ga iyakoki biyar maimakon biyu, wasu sun hau kan wasu. Ashe kwamfutar ta hannu ce, kuma rabon da mai ita na farko ya yi bai gushe gaba ɗaya ba. Ɗaya daga ciki ɗari huɗu ne cif. Malam Isiyaku ya ce ga shi nan, har ya ɗaga yatsa.

"Tsaya, Baba! Ba ma yarda da lamba sai mun leƙa ciki."

Suka leƙa, babu komai sai tarkacen haruffa marasa ma'ana. Na biyu ma haka. Sai ya buɗe na uku. Sannan ta ji yana karantawa da ƙarfi, kamar mai kiran suna a aji: "Ɗan'iya na Garin Baushe. Tanko Mai Rani. Alhaji Barmo. Inna Kande mai wake..." Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen allon. Na huɗu tarkace ne. A na biyar littafin yake, da hotunansa.

Ba ta bar shi ya yi murna ba tukuna. Ta sa ya fara kwafe littafin zuwa filash. Sannan ta sa ya zaɓi na uku da na biyar su kaɗai, ya yi bisimilla ya danna, aka rubuta wa faifan sabuwar takardar iyaka. Saura windo, wanda shi ne mafarin rigimar. Ta nuna masa inda ake shiga tun kwamfuta tana tashi, ya sauya wani saiti guda don ta karɓi tsohon rabo yadda yake. Wannan karon da aka zo wurin zaɓe, layi uku ne a allon, kuma windon bai yi gardama ba.

"Baba, karanta mini lambar layin da ka zaɓa."

"Ɗari."

"Gyara tabarau ka sake karantawa."

"Ɗari ne, Auta. Na farko."

"To, danna."

Rana ta karkata kafin kwamfutar ta tashi. Ya shiga ɗakin muryoyi ya danna ɗaya. Aka ji ƙarar taɓarya, aka ji kaji, sannan muryar Gambo tana cewa, "Malam, wannan geron naka taurin kai gare shi kamar mai shi. Kashe abin nan ka zo ka ci tuwo." Malam Isiyaku ya cire tabarau ya sa gefen riga a ido. Can Fatakwal Zulaihatu ta ce ya sake sakawa, ta sauke wayar kusa da kunnen jaririn.

Bayan ta yi arba'in ta zo gida, aka haɗu duka a tsakar gida. A nan ne Malam Isiyaku ya buɗe shafin ƙarshe na littafin ya nuna musu abin da ba wanda ya sani. Akwai wani gero da shi da kansa ya yi damina goma sha huɗu yana zaɓen zangarniyarsa a bayan gida, har ya tsaya da halinsa: yana nuna da wuri, ga tsaba mai nauyi. Maƙwabta sun fara zuwa roƙon iri. Ya rubuta komai a kansa, amma a gurbin suna ɗige-ɗige ne kawai. Ya ce ya yanke shawara zai sa masa sunan wanda ya ceto masa aikinsa, kuma suna ɗaya iri yake ɗauka, don ba manomin da zai tsaya a kasuwa yana jero sunaye uku.

Hindatu ta ce a sa sunan Inna. Ya ce Gambo tana da maiwarta a shafi na arba'in, tun tana raye ya sa mata, har ta ce ba ta yi kama da ita ba. Sai Hindatu ta ce to Lurwanu ne, don ita abin da ta tsare da tuni ya mutu a cikin akwati. Lurwanu ya ce a'a, shi gida ya ɗauko ba ƙofa, Auta ce ta buɗe. Zulaihatu ta ce ai da Yaya Hindatu ta makara da minti ɗaya, da ba abin da za ta tarar ta buɗe. Suka yi ta turawa juna har tuwo ya huce. Malam Isiyaku yana zaune yana bin fuskokinsu da kallo, duk wanda ya yi magana sai ya ga shi ne mai gaskiya. Damina ta kusa, masu roƙon iri suna tambayar me za su kira shi, shi kuwa har yanzu ɗige-ɗigen suna nan a shafin.

To, ga shi na kawo muku. Hindatu ba ta san komai a kan kwamfuta ba, amma ta tsaya a gaban mai gyara da mutanen kasuwa da uban da ya haife ta ta ce a'a. Lurwanu ya bar bikinsa, ya ba da faifansa, ya yi yini guda da mahuci a hannu, ya kwashe komai kafin tsohon ya cika. Zulaihatu, da ɗanyen ɗinki, daga nisan duniya, ta bi da yatsan tsoho har bakin ƙofar da ta ɓata. Ku faɗa mini, in ku ne Malam Isiyaku, sunan wa za ku sa wa geron nan?